Hijabin Aro

Kwararafa, Jos
12 ga Fabrairu

Zuwa ga Yayata Binta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Alhaji da yara da jikoki. Yaya jikin Inna? Ƙafar ta sassauta kuwa? Ki gaishe ta da kyau, ki ce mata zumar da ta aiko ta iso.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a hannun direban Bauchi, alhali shekaranjiya muka yi waya. Wayarki ce, Yaya, kullum a buɗe take, in na yi sallama har jikokinki ke amsa mini. Abin da ke raina kuma ba na tsakar gida ba ne.

Kin tuna Magadaliya 'yar Baba Dung, waɗanda muka tashi gida ɗaya da su, wadda kike yi wa kitso tana kuka? Tun da suka koma Kabong bayan rikicin farko, zumuncinmu ya zama sai a kasuwa ko wajen ta'aziyya. Ta yi ritaya daga aikin nas, mijinta kuma ya rasu 'yan watanni kafin nawa Malam Uzairu. To tun watan Nuwamba take zuwa gidana sau uku a mako, Litinin da Laraba da Juma'a. Wani alheri take yi mini. Ki yi haƙuri, ba zan faɗi ko mene ne ba yau, hannuna bai yarda ya rubuta ba tukuna.

A zuwanta na biyu wasu samari suka tare ta a bakin layinmu suna tambayar wurin wa ta zo. Ba su taɓa ta ba, amma ta iso tana zufa a sanyin nan. Ni ce na ɗauko hijabina ruwan toka na ba ta, na ce ta riƙa sakawa in keke napep ya kawo ta kusa da mu, ta cire in ta juya. Kin san ba sabon abu ba ne a garin nan. Mazanmu sukan cusa hula a aljihu in za su Gada Biyu, matansu su yafa mayafi in za su zo sayen nama wajenmu, kowa ya sani, kowa ya kau da kai. Ta yi ta dariya, ta ce hijabin ya yi mata tsawo, in ta faɗa kwata ni zan goya ta har Kabong. Da kaina na rage mata shi a keken ɗinki.

Makon jiya na ji abin da ya biyo baya, kuma ba daga bakinta ba. An ɗauki hotonta a waya wata ranar Juma'a, da hijabi har ƙasa, tana shiga zaurenmu daidai lokacin da mutane ke tafiya masallaci. Hoton ya shiga gurup ɗin Zumuntar Mata, ƙungiyar matan cocinsu. Gidan nan kuwa har yau gidan Malam ake ce masa, ko da yake shekara huɗu ke nan ba a wanke allon rubutun sha a cikinsa ba. Wasu suka ce ta musulunta a ɓoye, tana zuwa coci ne don idon 'ya'yanta. Wasu suka ce rubutun sha take karɓa. Dattawan cocin suka kira ta. Ta ce musu ba ta bar Yesu ba, ba ta kuma sha rubutu ba, amma abin da ke kai ta gidan amana ce, ba za ta faɗa ba. Sau biyu suka zauna da ita. A zama na uku suka sa ta horo.

Maman Emenike ce ta kawo mini labarin, wata 'yar ƙabilar Ibo mai shagon atamfa kusa da shagon ɗinkina, cocinsu ɗaya da Magadaliya. Ni dai ban taɓa sakewa da matar ba, Allah ya yafe mini. Ba ta iya sayar da yadi ɗaya ba tare da ta yi Halleluya layi duka ya ji ba, har ni takan ce wata rana sai ta kai ni coci da ƙafata. Ita ta yi mini bayanin horon. Ba za ta ci abin da suke kira Jibin Ubangiji ba, wato gurasa da abin sha da suke rabawa a ibadarsu. Ba za ta sa ankon zumunta ba, ba za ta yi waƙa da su ba, kuma ranar Lahadi a bencin ƙarshe za ta zauna, kusa da ƙofa. Yaya, shekara talatin da ɗaya tana ɗaura zanen nan. Rigunan ma da yawa ni na ɗinka musu.

Mako uku ke nan da yanke mata hukuncin, kuma a cikin makonnin nan ba ta fasa zuwa ko sau ɗaya ba, ba ta ce mini komai ba. Yau ma ta zo, na kasa tambayarta.

Kada ki karanta wa Inna wannan. Ki sa ni a addu'a. Ki gaida Alhaji da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Amatullahi


Kwararafa, Jos
6 ga Maris

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku baki ɗaya, musamman Inna. Allah ya kai mu azumi lafiya.

Kin kira ni sau huɗu ban ɗauka ba, ba raini ba ne. Na san tambayar da za ki yi. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Ciwon da na ce miki olsa ce, ba olsa ba ce. Da damina na ji wani ƙululu a mamana na hagu. Na yi wata biyu ina shafa man zaitun ina tofi, ban gaya wa kowa ba. Da ya fara ruwa na rasa wanda zan nufa, sai na tuna Magadaliya. Ita ta kai ni asibiti, aka ce ciwon daji ne. Kwana goman da na ce muku na je ɗinkin biki Bukuru, a gadon asibiti na yi su. An cire maman, Yaya. Wurin kuma ya ƙi warkewa saboda sukari, kullum sai an wanke an sake bandeji. Wannan shi ne alherin da take yi mini.

Na san za ki ce me ya sa na ɓoye miki. Saboda 'yata Sumayya ne. Tana can Kano tana shirin jarabawarta ta ƙarshe, an kuma sa ranar aurenta bayan Babbar Sallah. Kin san dangin yaron, kin san yadda uwarsa ta bi ta binciki har ciwon da ya kashe kakanmu. In suka ji, cewa za su yi ana gado. Don haka tun a asibiti na riƙe hannun Magadaliya na ce ta yi mini alkawari da girman Allah ba za ta gaya wa kowa ba har a ɗaura auren. Ta ce ai ko ban roƙa ba, nas ba ta fita da sirrin majinyaci. Na dage sai ta yi alkawarin. Ta yi.

Ina so ki san yadda take aikin. Akwai lokacin da wurin ya yi wari, ni kaina na riƙa juya fuska. Ita ko hanci ba ta taɓa toshewa ba, sai ta ɗauko zancen yadda kika taɓa bin mu da muciya saboda mun cinye ƙanzo. Kafin ta taɓa ni takan rufe ido ta yi addu'arta a ciki, ni kuma in yi bisimilla. Wata huɗu ke nan ba ta taɓa ce mini in ce amin ba. In an kira salla tana tsakiyar aiki, sai ta hanzarta, ta miƙo mini dutsen taimama ranar da ruwa ba zai yiwu ba.

Ranar Laraba ta makon jiya na yi ƙarfin hali na ce mata na ji komai. Ta tsaya da auduga a hannu, ta ce Maman Emenike ko? Wannan bakin nata sai an kai shi tiyata. Na yi kuka, na ce to ta je ta faɗa musu, na sake ta daga alkawarin. Sai ta ce, Amatu, bakinki ne ya sake ni, idonki bai sake ni ba. Ta ce in ta faɗa wa dattawa bakwai da safe, kafin la'asar matansu sun ji, kafin jibi maganar ta sauka Kano. Ta ce a bar shi har bayan biki, wata huɗu ba shekara huɗu ba ne.

Yaya, ga abin da ya hana ni sukuni. Da ta faɗi haka, sanyi na ji a raina. Na ji daɗi. Ina share hawaye ina jin daɗi cewa ita za ta ci gaba da ɗaukar kayan, ba ni ba.

Kada ki ɗauka abin bai dame ta ba. Ta rame, zobenta har juyawa yake a yatsa. Ta ce mini ba bencin baya ne ya fi yi mata ciwo ba. Babban ɗanta Natana'el ne ya zo daga Abuja, ya zauna yana ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce, Mama, ki gaya mini gaskiya, har yanzu ke Kirista ce? Ta ce ranar ta kasa cin abinci. Matan da ta karɓi haihuwarsu da hannunta yanzu sukan gaishe ta daga nesa. Ta ce akwai safiyar da take durƙusawa ta ji addu'ar ko silin ba ta wuce ba, sai ta tashi haka nan ta haɗa jakarta ta taho. Na tambaye ta to me ke riƙe da ita. Ta ɗaga jakar, wadda ba komai a ciki sai auduga da almakashi da ruwan wanke ciwo, ta ce wanda take bauta wa ya san abin da ke cikin jakar nan, dattawa ne ba su sani ba, kuma ba laifinsu ba ne duka, hoto aka nuna musu.

Mu da aka zaunar a gaban allo tun muna ƙanana, an karantar da mu bambancin ikhlasi da riya, aikin da aka yi don Allah da wanda aka yi don idon mutane. Na haddace, na ma karantar da yara. Ban yi zaton a hannun Magadaliya zan ga abin da idona ba. Addininta nata ne, nawa nawa ne, ban kuma ce na san yadda Allah zai yi da bayinsa ba. Abin da na gani kawai nake gaya miki.

Na gaji, hannun ba ya son dogon rubutu. Don Allah kada ki taso yanzu, in kin zo Inna za ta gane. Ki yafe mini ɓoyon da na yi miki.

Taki har kullum,
Amatullahi


Kwararafa, Jos
27 ga Maris, 17 ga Ramadan

Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barkanku da shan ruwa, yaya ibada? Ina fata Inna ba ta matsa wa kanta da azumi ba. Ni likita ya hana ni, ina ciyarwa, amma a ɗaki nake cin abincina kamar mara gaskiya. Na gode da kilishin da kuma takardarki. Faɗan da kika yi mini na karɓa, gaskiya kika faɗa.

Na yi wani abu jiya, ina so ki ji daga gare ni kafin ki ji a wani wuri.

Ranar Asabar Maman Emenike ta zo har gida. Ba mayafi ba komai, da ɗaurin ɗankwalinta kamar ta ɗauko faifai, tana sallama tun daga bakin layi. Ta ƙi zama. Ta ce Ista saura kwana takwas, babbar sallarsu, kuma in ba a ɗage horon ba Magadaliya za ta zauna tana kallo kowa ya ci Jibi ban da ita, abin da bai taɓa faruwa ba tun tana budurwa. Da Hausarta ta nuna ni da yatsa ta ce, wannan mata ba shi da laifi, ni ban san me yana yi a gidanki ba amma na san ba shi da laifi, ke kuma kin sani, kin yi shiru, kina ja carbi.



A nan na ji abin da Magadaliya ba ta gaya mini ba. Tun Lahadin farko da aka mai da ita baya, Maman Emenike ta kwashi jakarta da kacau-kacau ɗinta daga layin gaba ta koma kusa da ita. An yi mata magana, ta ce a gaba fanka na sa mata mura. Lahadi tara ke nan tana zaune a bakin ƙofa. Matar da na yi shekaru ina cewa a raina duk ibadarta ta baki ce.

Ta kuma gaya mini wadda ta ɗauki hoton. Sunanta Ana, matar Rwang, ita ce magatakardar zumuntar. Yaya, da za a ce in zaɓi mace ɗaya a cikinsu in ce wannan ta Allah ce, da Ana zan zaɓa. Ba ta ɗaga murya, ba ta son ado, in ta kawo ɗinki sai ta tambayi lafiyar kowa har Inna. Ta zo sayen zare ne ta hango Magadaliya. Ba ta tsayar da ita ba, ba ta je gidanta ta tambaye ta ba. Ta sa hoton a gurup, ta rubuta a ƙasa cewa 'yan'uwa mu sa 'yar'uwarmu a addu'a, tana cikin jaraba. Mata sittin suka amsa da amin. Ashe haka ake yi, in an ce batun addu'a ne ba wanda zai kira shi gulma. Ba zan ce Ana munafuka ce ba, ban shiga zuciyarta ba, wataƙila har ga Allah ta ɗauka taimako take yi. Abin da ya tsorata ni shi ne kamar da muka yi. Ni ma ba na ɗaga murya. Ni ma da ladabi na bar baiwar Allah a bakin ƙofa wata biyu.

Jiya Talata ranar taronsu ce. Ban gaya wa Magadaliya ba, don na san za ta hana. Maman Emenike ta zo da keke napep ta ɗauke ni. Rabona da Kabong ya fi shekara ashirin. Da hijabina na shiga, tana riƙe da hannuna tana harara duk wanda ya kalle mu. Ba cikin cocin ba ne, wani ɗaki ne a gefe, mata sun kai arba'in da ankonsu, ga tulunan da suke bugawa in suna waƙa a jere a gaba. Da suka gan ni waƙar ta mutu. Shugabarsu wata tsohuwa ce da suke kira Ngo. Na durƙusa na gaishe ta, ta sa aka ba ni kujera.

Muryata kin san ta, sai da aka ce in ƙara ɗagawa sau biyu. Na ce ni ce mai gidan da ke cikin hoton, hijabin nawa ne, ni na ba ta saboda samarin layinmu. Na ce ba ni da lafiya, jinyata take yi, ba ta taɓa salla ba, ba ta taɓa shan rubutu ba, ni na ɗaure ta da alkawari. Na ɗauka shi ke nan.

Sai Ana ta miƙe. Cikin taushi ta yi mini godiya da na sha wahalar zuwa ga azumi. Ta ce ba ta ƙaryata ni ba, amma ai kowa yana kare nasa, kuma zuwan da na yi ma ya nuna irin kusancin da ake magana. Ta ce ga shi na zo da ƙafata, ba alamar ciwo. Na duba fuskokinsu, na ga da yawa sun gyaɗa kai. Na gane zuwana ƙara mata nauyi ya yi.

Na roƙi Ngo a rufe ƙofa da taga, kowa ta kife wayarta. Ta ba da umarni aka yi. Na tabbata ba namiji. Sai na cire hijabina, na buɗe rigata, na ɓare filasta na ɗaga bandejin.

Yaya, tun rasuwar Malam ba wanda ya ga jikina sai likita da Magadaliya. Ni kaina ba na kallon wurin. Na tsaya na ɗaga kaina sama ina kallon kwano, ina salati a zuci. Wata ta ce Yesu, da ƙarfi. Wata ta fashe da kuka. Na ce musu wannan take wankewa sau uku a mako tun Nuwamba, kyauta, kuma da ya yi wari ba ta juya fuska ba. Na ce ban san dokokin cocinku ba, amma in ana neman wadda za a hukunta a kan hijabin nan, ga ni.

Ngo ce ta taso, ta mai da bandejin yadda ta iya, ta ja mini riga. Ta ce, 'yata, ya isa, rufe. Ta ce yau ɗin nan za ta je wurin Rabaran, shugaban cocin, da ƙafarta. Ana ta zauna, ban ga fuskarta ba, ban kuma nema ba.

Ban san abin da dattawan za su yanke ba. Na dawo da zazzaɓi, yau a kwance na wuni. Ki gaida Inna da Alhaji. Allah ya karɓi ibadarku.

Ƙanwarki,
Amatullahi


Kwararafa, Jos
4 ga Afrilu

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, goman ƙarshe kuma tana tafiya da sauƙi. Yaya Inna? Zazzaɓin ya sauka, alhamdu lillahi.

An ɗage horon. Ranar Asabar dattawan suka zauna, ranar Lahadi aka sanar. Maman Emenike ta ce ba wani dogon bayani, tsakanin sanarwar gyaran rufi da ta taron matasa aka ce bayan bincike an mai da 'yar'uwa Magadaliya cikin zumunci. Ba wanda ya ce a yi haƙuri. Ita Maman Emenike ta so ta tashi ta yi magana, Magadaliya ta danne mata zane. Ta ɗaura ankonta, ta ci Jibinta ranar Ista. Natana'el ya zo, ya durƙusa a gabanta a tsakar gida. Har yanzu akwai masu cewa ko ma mene ne bai kamata ta sa hijabi ba. Ana ba ta zo wurinta ba. Na tambayi Magadaliya ko ta yafe mata, ta ce tana kan aikin, ba ta gama ba, kada in matsa mata.

Da ta zo ranar Litinin ban samu godiya ba, faɗa na sha. Ta ce wace irin majinyaciya ce za ta ɓare bandeji a ɗakin da mutum arba'in ke numfashi, da hannun da ya riƙe ƙarfen keke napep? Ta ce aikin wata biyar na so in lalata mata. Tana faɗa tana wankewa, hawaye na sauka a kan safar hannunta, sai da ta canza wata. Daga baya ta ce da na bari, Allah da kansa zai fitar da ita a lokacinsa. Na ce to wa ya sani, ko ni ce aka aiko, na tsaya jan ƙafa.

Akwai abin da zan faɗa miki don ba na so ki ɗauke ni fiye da yadda nake. A hanyar dawowa daga Kabong, duk da zazzaɓin, na ji wani daɗi yana taso mini, ina tuna yadda suka yi tsit, ina cewa a raina yau na yi abin kirki. Na yi ta istigfari. Har yanzu ban san nawa ne na Allah a cikin abin da na yi ba, nawa ne na gajiya da jin kunyar kaina. Na bar masa ya tace.

Maganar kuwa ta fita, kamar yadda Magadaliya ta ce. Ba a ɗauki hoto ba, amma baki arba'in ne. Kafin Juma'a ta iso kasuwa, daga kasuwa ta shigo layinmu, kuma ba yadda ta faru ta iso ba. Abin da ake faɗa shi ne matar Malam Uzairu ta je coci neman waraka a cikin Ramadan, har ta tuɓe a gabansu aka yi mata addu'a. Biyu daga cikin matan da ke turo 'ya'yansu karatu wurina sun hana su zuwa. Jiya na gaida maƙwabciyata ta katanga, ta amsa tana kallon tukunya.

Sumayya ta ji a Kano, ta bakin ƙanwar yaron. Ta kira ni tana kuka, ba don auren ba, wai don me na bar ta tana turo mini hotunan akwati ina kwance da rami a ƙirji. Tana tafe ranar Asabar. Daga gidan surukan kuwa ba mu ji komai ba, ko kayan shan ruwan da suka saba aikowa bana ba su zo ba. Wataƙila su fasa, wataƙila ba za su fasa ba.

Shekaranjiya na ɗauki mayafi da niyyar in bi gida-gida in yi bayani. Na kai zaure na tsaya. Gida nawa zan shiga, Yaya? Kuma a kowane sai na sake buɗe riga? Na dawo na zauna. Wanda ya zo ya tambaye ni zan gaya masa gaskiya, da surukan da kowa. Wanda bai tambaya ba, ba ni da ƙarfin bin sa. Allah ya ga abin da ya kai ni Kabong. Wata biyu na zuba ido Magadaliya ta rayu a kan sanin Allah kaɗai, ta kuma rayu. Ni yau kwanana shida, kuma da wuya, ba zan ɓoye miki ba.

Yanzu ki gaya wa Inna. Ki bari sai ta sha ruwa ta sha maganinta, ki zauna kusa da ita, ki faɗa mata duka, har zuwana Kabong, kada ta ji rabi a bakin wani. In ta huce, ki taho. Ba sai kin kawo komai ba. Ina so ne kawai in kwanta wani ya amsa sallama a madadina.

Ki gaida Alhaji da yara. Magadaliya ta ce a gaishe ki, a kuma gaida Inna da jiki. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Amatullahi